Baba, Na Ciro Sunanka Daga Bayan Zakari

Zuwa ga mahaifina, Malam Ɗahiru makaniken inji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi irin wanda ya kamace ku, ina fatan Allah Ya sa kuna cikin rahamarsa. Mu nan Panshekara lafiya ƙalau muke. Inna tana nan tana fama da gwiwarta, tana kuma fama da ni. Maƙwabta duk suna yadda kuka bar su, sai dai mai shayin bakin titi ya koma sayar da cajar waya.

Na san babu mai kai muku wannan takarda. Na rubuta ne saboda labarin ya cika mini ciki, kuma ku kaɗai ne za ku yi masa dariyar da ta dace da shi. Zan ajiye ta inda jama'a za su gani. Wanda ya ga dama ya karanta, amma da ku nake.

Baba, wannan "ku" ɗin ya ishe ni. A gida ba na ce maka "ku" sai in na yi laifi ko ina son wani abu, kuma kana ganewa tun kafin in rufe baki. Yau ba na son komai. Laifi kuwa na yi ɗaya, zan zo kansa.

Ka tafi ina shekarar farko a makaranta, lokacin da iyakar sanina da kwamfuta shi ne kunnawa da kashewa. Yanzu ina shekarar ƙarshe. A farkon zangon nan malaminmu, Malam Auwalu, ya shigo aji ya ajiye jakarsa ya ce shi bana ba ya son rahoto, ba ya son dogon Turanci. Ya ce kowa ya je ya nemi manhajar da mutane ke amfani da ita da gaske, irin wadda aka bari a buɗe, ya gyara wani abu a cikinta, masu kula da ita su karɓa. "Wanda ba a karɓi nasa ba kafin ƙarshen zango," in ji shi, "to mu haɗu baɗi." Inna kuwa ta riga ta gaya wa unguwa duka cewa bana zan gama.

Bari in yi maka bayanin manhaja buɗaɗɗiya yadda za ka ji daɗinsa. Ka tuna sabon injin da kamfaninku ya kawo, wanda aka garƙame akwatin wutarsa da kwaɗo? In ya tsaya sai a jira mutum daga Legas, kai kana tsaye da sifana a hannu kana cizon yatsa. Yawancin manhajoji haka suke. Amma akwai irin tsohon injin buga butar roba da ka fi ƙauna, wanda murfinsa a buɗe yake, kowa na ganin cikinsa, wanda ya iya ya gyara ya gaya wa saura. Turawa suna ce musu "ofin sos". Inna ta ji sau ɗaya ta ce soso. Har yau in an tambaye ta ina nake, sai ta ce, "Zuwaira tana ɗaki tana aikin soso da Turawa."

Abin da ya rage shi ne in zaɓi abin da zan gyara. Na ɗauka wannan ne mai sauƙin. Shi ya ci mini wata biyu.

Da farko girman kai ya ja ni. Na ce tunda za a rubuta sunana, gara a rubuta shi a babban wuri. Na zaɓi wata ƙatuwar manhaja da aka ce har a jiragen sama ana amfani da ita. Na ɗauki laftof ɗin da ka saya mini, na zauna a soro inda sabis ya fi ƙarfi, tun hantsi har la'asar ina sauke ta. Saura kaɗan ta kammala data ta ƙare. Washegari na sake. Da ta sauka na umarci laftof ya harhaɗa ta. Baba, ban taɓa jin abin nan ya yi irin wannan kukan ba. Inna ta fito daga kicin da gudu, ta ɗauka wani ne ya kafa injin markaɗe a gidanmu ba da izininta ba. Da ta taɓa shi ta ji zafi sai ta ɗauko mafici ta tsuguna tana yi masa fifita tana salati. Duk da haka ya mutu, bai farfaɗo ba sai bayan magariba.

Da ya farfaɗo na buɗe fayil guda don in ga abin da nake shirin gyarawa. Na karanta layi talatin, na gane kalma biyu. Ɗaya daga ciki sunan wanda ya rubuta ne. Na rufe a hankali, kamar yadda mutum ke fita daga ɗakin da ya shiga bisa kuskure.

Daga nan na sauko ƙasa. Masu irin waɗannan manhajoji sukan ware ƙananan ayyuka su sa musu alamar cewa na sababbin shiga ne. Na ce to ga nawa. Ashe ba ni kaɗai ba ce sabuwar shiga a duniya. Ka san yadda ake rububin motar ma'aikata a bakin get in an tashi shif? Wannan ya fi. Duk wanda na buɗe sai in tarar wani ya riga ya rubuta cewa ya kama. Akwai wanda na gani sabo fil, babu kowa a kansa, sai aka kira azahar. Na ce bari in yi salla in dawo da albarka. Kafin in yi sallama mutum uku sun yi layi, ɗaya har ya gama.

A cikin wannan hali ne Nafi'u ya riga kowa. Nafi'u ɗan ajinmu ne, mai zama a gaba, mai ɗaga hannu tun kafin a gama tambaya. Ya samo wata takardar bayani da aka manta waƙafi a cikinta, ya sa waƙafin, aka karɓa. Waƙafi guda, Baba. Ya buga shafin a takarda, ya kai aka lulluɓe masa da leda mai ƙyalli, yana yawo da shi a jaka. Ni ce na raɗa masa Sarkin Waƙafi, aji duka ya ɗauka. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. To ga laifin da na ce zan zo kansa, kuma ban daɗe ba na ga sakayya.

Na samu wata ƙaramar manhaja ta tsara jadawalin darasi. Ina dubawa sai na ga sun rubuta kalmar kala da Turanci, wato colour, babu harafin "u". Ka san yadda aka koya mana Turancin Ingila a firamare, da dorina a gefe. Na ce, kai, waɗannan bayin Allah ba su samu malami ba. Na bi wuri sittin da wani abu na saka musu "u". Na aika, har da ɗan bayani mai nuna cewa ba komai, kowa na kuskure.

Ashe waccan kalmar ba rubutu ba ce, umarni ne da ake ba kwamfuta, ita kuwa kwamfuta ba ta yi firamarenmu ba. Da ta ga "u" sai ta daina gane kala kwata-kwata. Mai kula da manhajar ya amsa mini cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Ya gode da ƙoƙarina, ya liƙa hoton yadda shafinsu ya koma bayan gyarana: fari fat, kamar an zazzage masa buhun fulawa. Kuma a wannan harka ba a ɓoye komai, duk duniya na gani. Nafi'u ya ɗauki hoton ya sa a guruf ɗin aji. Kafin azahar na zama Hajiya Kala. Har mai gadin sashenmu haka yake kirana yanzu, shi a zatonsa sunan gidanmu ne.

Saura mako uku zango ya ƙare, ba ni da komai sai sabon suna. Na daina cin abinci sosai. Inna ta fara rage murya in ana zancen gama makaranta.

Ran Juma'a Malam Ƙasimu ya zo. Abokinka na shif, mutumin Gumel, bai fasa zuwa ba tun da ka tafi. In an sauko daga masallaci sai ya biyo, ya zauna a tabarmar soro, ya gaisa da Inna daga nan, ya ajiye rake ko lemo. Ya ga fuskata ya tambaya, Inna ta ce masa aikin soso ne ya ƙi. Na yi masa bayani iya yadda zan iya, cewa ina neman abin da ya lalace a kwamfuta in gyara, na rasa. Ya dube ni kamar na ce ina neman yashi a kogin Challawa na rasa. Ya ce, "'Yar nan, abin da ya lalace kike nema? To ki zo ki gyara wadda ta ajiye mu a bayan Zakari."

Baba, sai da na ajiye raken da ke hannuna. Yaya aka yi na manta?

Zan faɗa saboda masu karantawa, kai ka fi ni sani. A kamfanin robar da ka yi aiki ana ba ma'aikata abincin rana. Shugaban shif yakan tsaya a rumfar abinci da takardar sunaye da kwamfuta ta buga, yana kira daga sama zuwa ƙasa, Ladi mai abinci tana zubawa. Su Abba da Abdu su ke buɗe tukunya. Har a gangaro kan Zakari, wanda ya kamata ya zama na ƙarshe. Amma bayan Zakari akwai mutum biyar: kai, da Malam Ƙasimu, da Ɗanlami, da Ɗayyabu, da Ɗan'azumi mutumin Damagaram. Duk mai suna da harafi mai ƙugiya, kwamfuta ta tattara shi ta jefa can ƙasa. Kafin a zo kanku nama ya ƙare, miya ta zama ruwa, Ladi ta fara kankarar gindin tukunya. Shi ya sa ake ce muku 'yan ƙanzo.

Kai kuma maimakon ka yi fushi sai ka mayar da abin ƙungiya, ka naɗa kanka shugaba, ka ba Ɗan'azumi ma'aji ko da yake babu abin ajiyewa. Ina tuna ka dawo daga aikin safe, ka wanke baƙin mai a bakin rijiya, ka ce mini, "Zuwaira, in Allah Ya ba ki ɗa, ki duba harafin farko kafin a raɗa suna. Ki sa Abba. Kada ki jawo wa yaro yunwa." Inna ta ce ka daina yi wa yarinya irin wannan zance, kai kuwa kana ta dariya har kana tari.

Na kuma tuna ka taɓa zuwa wurin akawu ka roƙe shi ya cire maka ƙugiyar, ya rubuta Dahiru kawai kamar yadda kowane ofis ke yi. Amma Allah Ya haɗa ku da Malam Nasidi, akawu ɗaya tilo a Challawa da ya karanta Hausa a jami'a. Ka ce ya cire tabarau ya dube ka ya ce shi ba zai ci amanar harshe saboda tsokar nama ba. Da ka ce to ya mayar da ku inda ya dace, sai ya nuna kwamfutar ya ce, "Haka ta ce." Shekara goma sha bakwai kana cin abin da ta ce.

Ran Litinin na hau Adaidaita na tafi kamfaninku a Challawa. Warin kamfanonin fatu ya tare ni tun daga kwana, sannan ƙaurin roba, irin wanda ke jikin rigarka ko an wanke. Mai gadi ya gane ni, ya ƙwala wa na ciki kira wai ga 'yar shugaban 'yan ƙanzo. Na wuce ta gefen tsohon injin buta. Yana nan yana aiki. Wani ne a gabansa, ya rataye rigarsa a ƙusar da kake rataye taka. Ban tsaya ba, Baba. Na san in na tsaya ba zan kai ofis ba.

Malam Nasidi yana nan, tabarau ya ƙara kauri. Ya juyo mini da kwamfutar, na duba can ƙasan shafi na ga sunan manhajar. Na bincika a waya. Buɗaɗɗiya ce. Wata 'yar ƙaramar manhajar rajistar ma'aikata, mutane kaɗan ke kula da ita don Allah. Duk wata biyun nan ina leƙen ƙasashen duniya, ashe aikina yana liƙe a bangon rumfar Ladi.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na tuna yadda kake tsayawa gaban inji hannu a baya, kana saurarensa, kafin ka ɗauki ko da sukudireba. Kwana biyu na yi ina karatu kawai ban taɓa komai ba, har na gano inda matsalar take. Kowane harafi a kwamfuta yana da lamba. Haruffan Turanci su aka fara yi wa rajista, suka kwashe ƙananan lambobi. Namu masu ƙugiya sun zo daga baya, aka ba su manya. Ita kuwa manhajar da lamba take jera mutane, ba da hankali ba. Wato ba ƙin ku take yi ba, haruffanku ne suka makara.

Duk da haka sai da na yi shakka. Na je wurin Malam Auwalu na ce masa ina tsoron abin ya yi ƙanƙanta, gyaran bai fi 'yan layuka ba, kada a ce ban yi komai ba. Ya tambaye ni mutum nawa za su amfana. Na ce huɗu, da biyar ne. Ya ce, "Na Nafi'u mutum nawa suka ƙoshi da shi?" Na fito daga ofishinsa na san na gama zaɓe.

Na yi gyaran, na gwada shi sau bakwai a laftof, Inna na zaune kusa da mafici don ko-ta-kwana. Sannan na rubuta wa masu manhajar. Tunda na taɓa shan kunya, na ce wannan karon ladabi zai yi aiki. Na rubuta rabin shafi irin na neman aiki a ma'aikatar gwamnati, na gaishe da Yallaɓai, na tambayi iyali, na ba da haƙurin damunsa da na yi. Amsa ta zo layi biyu: an gode, abin yana da kyau, amma a nuna musu yadda Hausa ke jera haruffanta. Sau uku ina cewa Yallaɓai kafin a gaya mini cikin raha cewa mace ce. Tsohuwa ce a wata ƙasa mai sanyi, ta yi ritaya, ta ce in ta gaji da lambunta ne take duba saƙonni. Na ce a raina, wannan sunan Hajiya Kala dai ban same shi a banza ba.

Don jerin haruffa na koma wurin Malam Nasidi. Baba, da ka ga mutumin nan! Shekara da shekaru yana jiran wani ya yi masa wannan tambaya. Ya rufe ofis, ya kori mai neman takardar hutu, ya rubuta mini shafi huɗu da jan biro da shuɗi. Ya so a sa tarihin ƙugiya tun daga farko, ya so a gaya wa tsohuwar cewa duk mai rubuta ƙasa babu lanƙwasa maciji yake nufi ko ya sani ko bai sani ba. Da ƙyar na lallashe shi muka tsaya a kan abin da ake buƙata: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Ya sa hannu a ƙasan takardar, ya buga hatimin kamfani, ko da yake babu wanda ya nema.

Tsohuwar ta dawo mini da aikin sau uku. Na farko wai na bar gurbi inda bai kamata ba. Na biyu wai bayanin ya yi tsawo, in rage gaisuwa. Na uku kuwa ashe garin aikawa na haɗa da hoton ankon bikin ƙawata. Ta ce atamfar ta yi kyau, amma a cire.

Sai ta nemi abu na ƙarshe. Ta ce in rubuta gwaji: 'yan sunaye da manhajar za ta riƙa jerawa da kanta duk lokacin da wani ya taɓa ta, don a tabbatar gyaran bai warware ba. Ta ce in sa kowane irin suna na ga dama. Na daɗe ina kallon wurin. Sannan na rubuta Dauda, Ɗahiru, Kabiru, Ƙasimu, Zakari.

Ran Laraba, saura kwana tara, ina barandar aji wayata ta yi ƙara. An karɓa. Na karanta sau uku don kada ya zama wani ladabin ne irin na farko. Ka gane abin da wannan ke nufi? Daga yau duk wanda ya taɓa manhajar nan, ko a ina yake a duniya, sai kwamfutarsa ta tsaya ta duba ko Ɗahiru yana gaban Zakari. In ba ka gabansa, aiki ba zai wuce ba. Na juya fuskata ga bango na yi kukana. Nafi'u ya zo wucewa ya tambaya ko an sake ƙi ne. Na nuna masa. Ya tambayi layi nawa, na ce goma sha ɗaya. Da sakamako ya fito makinmu ɗaya da shi. Ya ce mini in lissafa wahalar da na sha in raba da waƙafi guda, in ga wa ya fi wayo. Ni ma dai na riga na lissafa.

Saura a sabunta manhajar da ke kwamfutar kamfani. Malam Nasidi ya yi kwana huɗu yana tsoron danna maɓallin, wai kada sunaye su zube. Ranar da ya yarda sai da ya tara 'yan ƙanzo huɗu a bayansa, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya rufe ido ya danna. Takarda ta fito. Ɗanlami da Ɗayyabu da Ɗan'azumi suna bin Dauda. Malam Ƙasimu yana bin Kabiru. Aka ce Ɗan'azumi ya karɓi takardar ya juya ta baya yana neman sunansa, don bai taɓa duba sama ba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne Zakari.

Ran Asabar da hantsi muka ji sallama. Ga shi a kan keke, ya sha hula, fuska a murtuke. Ya ce shi bai zo faɗa ba, ya san mutuncin gidan nan, amma yana so a gaya masa laifin da ya yi mini. Ya ce, "Da in na waiga ina ganin mutum biyar a bayana, hankalina a kwance, tsokar ƙarshe tawa ce. Yanzu na waiga ba kowa sai bango. Su da suna cin ƙanzo suna hira. Ni ni kaɗai nake ci!" Inna ta miƙo masa kunu, ya sha kofi biyu yana ci gaba da ƙorafi. Na gaya masa ƙofa a buɗe take, yana iya rubuta wa tsohuwar ya kai kukansa. Ya ce shi ba ya kai ƙara wurin wadda bai san gidansu ba, wurin Ladi zai je.

Ya kuwa je. Malam Ƙasimu ya ce Ladi ta saurare shi ludayi a hannu har ya gama, sannan ta ce, "Au, wai dama wannan ne ke damunku?" Ta kira shugaban shif ta ce daga yau rana ɗaya ya fara kira daga sama, rana ɗaya daga ƙasa, in ba haka ba ya zo ya karɓi ludayin ya raba da kansa. Shi ke nan. Shekara goma sha bakwai, Baba, da ƙungiya da shugaba da ma'aji, ni kuma da wata biyu da tsohuwa a ƙasar sanyi, ashe babu wanda ya taɓa tambayar Ladi. Yanzu su Abba ne ke ƙorafi, amma wannan ba a gidanmu za a kawo shi ba.

Jiya Juma'a Malam Ƙasimu ya zo kamar kullum, sai dai babu rake. Ya ciro ƙullin leda daga aljihu, a ciki takarda, a cikin takardar tsokar nama guda. Ya ce tunda ya koma tsakiya kullum yana samu, ko daga ina aka fara. Amma haƙoran da zai ci da su sun riga sun tafi, saura uku, su ma ba sa ga-maciji da juna. Ya ce yanzu da bakinsa yake roƙon Ladi ta ajiye masa ƙanzo, ya jiƙa da miya. Ya tura ledar gabana ya ce, "Wannan rabon Ɗahiru ne. Ku ci." Ya tashi da sauri wai yana da wurin zuwa, ya fita bai ma saka takalminsa ɗaya daidai ba.

Muka raba biyu ni da Inna. Baba, jijiya ce zalla, ga ƙarancin gishiri. Na tauna har muƙamuƙina ya gaji. Wallahi ba ka yi asarar komai ba. Na ɗago zan faɗa wa Inna haka mu yi dariya, sai na ga ta juya tana kallon bango, tana taunawa a hankali, ba ta son ya ƙare. Na bar ta.

Ina kewarka, Babana. Ina kewar tarin da ke biyo bayan dariyarka. Da kana nan da ka sa na maimaita maka zuwan Zakari sau goma, kana gyara mini yadda zan kwaikwayi muryarsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi. Allah Ya saka maka da alheri a kan kowace safiya da ka fita domin mu. Ya ba Inna lafiya da haƙuri, Ya raya abokanka cikin rufin asiri, Ya sa ilimin da ka ɗora ni a kai ya amfani mutane ladan ya iske ka. Allah Ya sada mu a Aljanna Firdausi. Amin.

Taka har kullum,
Zuwaira